Yadda Mai Kwangilar Fulawa Zai Yi Lambun da Zai Tsallake Bazara, Ya Kuma Ci Riba

Shekarun baya na karɓi aikin wani sabon gida a Kano mai fili a gaba. Maigidan ya dawo daga tafiya da hoto a wayarsa, ya miƙo mini ya ce, "Malam, irin wannan nake so." Ciyawa ce kore shar, shimfiɗe kamar darduma daga ƙofa har katanga. Ban yi musu ba, don idona na kan kuɗin. Muka shimfiɗa ciyawar kafet a watan Oktoba, aka biya ni kaso mafi yawa, aka ce ragowar sai an ga kamun ludayin aikin. Da Afrilu ya kama sai ga kira: "Zo ka ga aikinka." Na tarar da ciyawar ta koma kalar tabarmar kaba. Rijiyar burtsatse ta ja baya, man janareto ya ishi maigidan, mai gadi kuma da tsakar rana yake ɗan watsa ruwa idan ya tuna. Na sake dasa rabi daga aljihuna, ragowar kuɗina kuma har yau ban gan su ba.

Tun daga nan na gane cewa ribar wannan sana'a tana wajen abin da ya rayu har ruwan farko ya sauka. Abin da zan zayyana na masu aiki ne a yankin da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, irin su Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram. Na Abuja da Jos ruwansu ya fi namu, sai su sassauta lissafin.

Mataki na 1: Lissafin ruwa kafin lissafin kuɗi

Kada ka faɗi farashi a ranar da ka fara taka gida. Ka zo da tef ka auna filin, sannan ka yi tambayoyi uku: daga ina ruwan gidan yake zuwa, da me ake ɗora shi tanki, wa zai riƙa ban-ruwa idan ka tafi.

Ga ƙa'idar da za ka haddace: milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. A tsananin zafin Maris da Afrilu, ciyawar da ke cikin rana takan sha wajen milimita 6 zuwa 7 a yini. Ke nan fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi yana neman lita 600 zuwa 700 kullum. Idan jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 ce, jarka 24 zuwa 28 ke nan kowace rana ta Allah, har damina ta faɗi. Ninka wannan da farashin jarka a unguwar, ko da kuɗin man da injin zai sha, ka rubuta a takarda.

Wannan takardar ita ce jarinka na farko. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma kuɗin wutar masu Band A, wato layukan da aka fi ba wuta a Najeriya, ya haura zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, babu maigidan da zai ga lissafin ruwan wata shida bai gyara zama ba. A da sai ka yi ta roƙon mutum ya rage ciyawa. Yanzu lissafin ne ke yi maka magana.

Mataki na 2: Tona ƙasar ka gani

Sabon gida da wuya ka samu ƙasar kirki a cikinsa. Magina sun zubar da ragowar siminti, fasassun bulo, buhuna da ƙusoshi, an kawo marmara an cike, an daddaɓe. Ka tona rami mai zurfin santimita 30 a wurare uku ko huɗu, ka cika da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan ruwa na biyu ya ɓace cikin 'yan mintoci, jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, tana neman taki mai yawa. Idan ka dawo washegari ka tarar da shi kwance, laka ce ko daɓe a ƙasa, saiwa za ta ruɓe da damina. Inda ka ci karo da siminti, a kwashe shi gaba ɗaya, kuma kuɗin kwashewar ya fito a takardar farashi da sunansa. Idan aikin babba ne, kamar na makaranta ko rukunin gidaje, kai samfurin ƙasar ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya.

Mataki na 3: Raba filin gida uku

Ɓangare na farko shi ne inda ido ke fara sauka: bakin ƙofar shiga, gaban falo, wurin da maigida ke shan iska da yamma. Nan kaɗai za ka sa abin da ke shan ruwa kullum, kuma ka ƙanƙanta shi. Idan dole sai an yi ciyawa, mita 4 sau 5 ta isa yara su yi birgima, ruwanta kuma kashi ɗaya cikin biyar ne na wancan filin da muka lissafa. Ɓangare na biyu na shuke-shuken da ke neman ruwa sau biyu a mako ne. Na uku, wato gefen katanga, bayan gida da wurin ajiye motoci, na itatuwan da bayan shekara ɗaya ko biyu za su riƙe kansu ne.

Kada ka cakuɗa su. Idan ka dasa mai ƙishirwa kusa da mai haƙuri, ko dai ɗaya ya bushe ko ɗaya ya ruɓe, don mai ban-ruwa ba zai tsaya tantancewa ba.

Mataki na 4: Zaɓen abin dasawa

A nan ne yawancinmu muke yin asara, don mun saba sayen duk abin da mota ta kawo daga kudu, inda iska ke da laima kusan duk shekara. A leda yana sheƙi, hunturu na bugawa ganyen ya ƙone.

Ga waɗanda na gwada na ga haƙurinsu. Lalle yana yin shinge mai kyau, yana karɓar aski, furensa na da ƙamshi, kuma Hajiya ba za ta ƙi ganyensa ba. Boganbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ta fi yin fure idan an ɗan bar ta da ƙishirwa, yawan ruwa ganye kawai yake sa ta. Ƙarya, itacen nan mai kumburarren gindi da ake yi wa kirari da fure take ba ta 'ya'ya, takan yi jan furenta a tsakiyar rani lokacin da komai ya yi fari fat. A daji ba a kallonta, amma sa ta a tukunya mai kyau a bakin ƙofa ka ji ana tambayar daga wace ƙasa aka kawo ta. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, kada ka dasa ta inda ƙananan yara ke wasa. Kabar giwa da danginta suna cike gurbi tsakanin duwatsu. Ga ciyawa, kiri-kiri da manoma ke tsinewa ita ce ta fi jure rana da taku. Idan ta bushe da rani ba mutuwa ta yi ba, ruwa na taɓa ta za ta farfaɗo. Amma ka yi mata iyaka da bulo, in ba haka ba za ta mamaye gadajen fulawa.

Wajen inuwa, darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, kowa ya san halinta. Tsamiya da maɗaci suna jinkirin girma amma suna daɗewa. Zogale, lemun tsami da gwaiba su je bayan gida kusa da kicin. A filin makaranta ko asibiti akwai gurbin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Bishiyar turare kuwa ka nisanta ta da ƙaramin gida, shan ruwanta ya yi yawa. Kowace babbar bishiya ka ba ta aƙalla mita 4 zuwa 5 daga katanga, tushen gini da ramin sokawe. Kiran da za a yi maka bayan shekara biyar a ce saiwa ta tsaga katanga ba kiran alheri ba ne.

Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ramin bishiya ya kai santimita 60 a faɗi da zurfi, ka haɗa ƙasar sama kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Wanda ya matsa sai an dasa masa a Nuwamba, ka yi masa, amma farashin ya bambanta kuma garanti ya ragu. Ka faɗa masa dalili tun a zaune.

Mataki na 5: Takinka daga sharar aikinka

Duk ranar aski, yaranka suna cika buhuna da ganye da ciyawa, ka biya mai kura ko a-kori-kura ya kai bola, ko mai gadi ya cinna musu wuta hayaƙi ya dami maƙwabta. Gobe kuma ka je kasuwa ka sayi takin zamani. Sau biyu ke nan kana biya a kan abu ɗaya.

Samu wuri mai inuwa, ko a gidan renon shukarka ko a lungun babban gidan da kake kula da shi. Ka yi tsibi mai kamar mita 1 a tsawo, faɗi da tsayi. A ƙasa ka shimfiɗa karare da ƙananan rassa don iska ta shiga. Sai busasshen ganye kamar tsawon tafin hannu, sai ɗanyen aski da ɓawon kayan miya rabin haka, sai kashin shanu, na awaki ko na kaji, ka barbaɗa ƙasa kaɗan. Haka za ka yi ta jerawa kana yayyafa ruwa. Laimar da ake so ita ce idan ka damƙa ka matse, hannunka ya jiƙe amma ruwa bai zuba ba. Rufe da tsohon buhu ko zana. Soka sandar ƙarfe a tsakiya, bayan kwana uku ka zaro. Idan ta yi zafi, aiki na tafiya. Idan sanyi ƙalau, ko ya bushe ko ɗanyen ganye da kashin dabba sun yi kaɗan. Idan wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, ƙara busasshen ganye ka juya. Ana juyawa duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Kada ka kuskura ka zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, ƙone saiwa yake yi. Kuma kada ciyawar da ta riga ta yi iri ta shiga tsibin, sai ka rarraba wa gidajen mutane aikin cira.

Bayan shekara za ka ga takin ya fi ƙarfin buƙatarka. Tankaɗe shi, ɗura a buhu, masu fulawa na bakin titi da matan da ke shuka a tukwane za su saya.

Mataki na 6: Rufe ƙasa

Ƙasar da aka bari tsirara a rana, ruwan da aka zuba mata da safe kafin azahar ya tafi. Rufe gindin shuke-shuke da busasshen ganye, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, kaurin santimita 5 zuwa 8. Wanda ke Kano ya san ɓuntu tsibi-tsibi yake a masussukan shinkafa na wajen Kura, garin katako kuma a 'Yan Katako na Na'ibawa. Garin katako a sama kawai ake shimfiɗa shi, idan ka cakuɗa shi da ƙasa zai janye abincin shuka ganye ya yi rawaya. Bar tazarar tafin hannu tsakanin rufin da jikin itacen saboda gara da ruɓa. A gaban gida, inda ake son tsafta kuma iskar hunturu ke kwashe ganye, tsakuwa ta fi dacewa.

Mataki na 7: Ban-ruwan da ba ya dogara da tunawar mai gadi

Mesa a hannun yaron da ke latsa waya ita ce babbar ɓarnar ruwa a gidajen da muke aiki. Sa tiyo mai ɗigo. Tankin da aka ɗora a kan tsayin mita 2 ya isa ya tura ruwa a ƙaramin lambu ba tare da inji ba. Daga tanki sai famfon buɗewa, sai matata, sai babban tiyo, sai ƙananan da ke bi ta gindin kowace shuka. Idan kowane bakin ɗigo yana ba da lita 2 a awa, shuka 50 za su sha lita 100 a awa ɗaya, jarka huɗu ke nan. Matatar nan kada ka yi mata rowa, don ruwan burtsatse na zuwa da yashi, kuma toshewar baki ɗaya tana kashe shuka ba wanda ya lura. A wanke ta duk mako. Tiyon kuma a ɓoye shi ƙarƙashin rufin ƙasa don rana da ɓeraye.

Ga sabuwar bishiya a wurin da tiyo ba zai kai ba, binne tulun ƙasa marar fenti kusa da ita har wuya, ka cika shi, ka rufe bakinsa saboda sauro. Yana tsattsafowa a hankali, cikawa sau ɗaya ko biyu a mako ta wadatar. Ban-ruwa kuma da sassafe ne ko bayan la'asar.

Akwai ruwan da ake zubarwa a banza: na alwala. A masallacin gida, na makaranta ko na ma'aikata, sau biyar a rana ruwa mai tsabta yana bin kwata. Ja bututu daga wurin zuwa ramin tsakuwa a gindin itatuwa biyu ko uku, ka gama da ban-ruwansu. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa kada ya je kan shuka.

Game da tara ruwan sama, bari in faɗi gaskiya don na ga ana zuzuta shi. Rufin kwano mai murabba'in mita 150, a shekarar da aka samu milimita 800, zai zubo da lita 120,000. Adadin da daɗin ji, amma yana zuwa ne lokacin da lambu ba ya buƙata, kuma tankin lita 5,000 ko kwana goma ba zai yi wa waccan babbar ciyawar ba. Abin da ya fi araha shi ne ka sa ƙasa ta sha. Karkata indararo zuwa kwarin da ka yi wa itatuwa, nesa da gini da kamar mita 3. Dabarar tassa ce da manoman Tawa a Nijar ke farfaɗo da fako da ita: rami, taki a ciki, ruwa ya taru ya nutse. Kai dai ka yi mata ado da duwatsu.

Mataki na 8: Ƙwari

Kafin ka ɗauko maganin feshi na kanti, gwada 'ya'yan darbejiya. Busar da su, ɓare, daka ƙwayar, jiƙa giram 50 a kowace lita ta ruwa ya kwana, tace da ƙyalle, sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma a ranar da ka tace. Yana maganin darɓa, wato ƙwarin nan masu tsotsar ganye, da ƙananan tsutsotsi idan an maimaita duk mako. Ba ya kashewa nan take, don haka ka gaya wa maigida kada ya sa ran ganin gawa da safe. Gidan da ke da yara ko kaji, wannan kaɗai kan sa a riƙe ka.

Mataki na 9: Yadda za ka mai da duk wannan kuɗi

Wani abokin sana'a ya taɓa ce mini, "Kai, idan shuka ba ta mutuwa, wa zai sake kiranmu?" Ai wanda shukarsa ta mutu wani yake kira, ba kai ba, kuma sai ya ɓata ka a wajen abokansa.

Ka kai wa mai aiki takarda biyu. Ta farko irin abin da ya gani a hoto, da kuɗin dasawa da na ruwan shekara. Ta biyu tsarinka, ita ma da nata. Sau da yawa taka za ta fi tsada a ranar farko saboda tiyo, taki da gyaran ƙasa, kada ka ɓoye. Ka ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ya fi tsada yau, amma duba layin ƙasa ka ga abin da za ka kashe daga Nuwamba zuwa Mayu." Ka bar shi da takardun ya kwana da su. Kuɗin zane da awo kuma ka raba shi daban, ko da kaɗan ne, don akwai masu karɓar zanenka su miƙa wa mai araha.

Sannan ka ba da garanti, amma mai sharaɗi: duk abin da ya mutu cikin shekara za ka maye shi kyauta, muddin kai ke kula da lambun a kan kuɗin wata. A nan ribar take. Dashe sau ɗaya ake biya, kulawa kuwa duk wata. Lambun da aka rufe ƙasarsa, aka sa masa ɗigo, aka rage masa ciyawa, ziyara ɗaya a mako ta ishe shi, don haka yara biyu da babur za su zagaya gidajen da a da sai mutum biyar. Ka nemi gidajen da ke kusa da juna saboda mai. A rubuta yarjejeniyar: ranar zuwa, abin da ke cikin kuɗin, wanda zai cika tanki, da cewa ɓarnar awaki ko ta masu gyaran famfo ba ta cikin garanti. Ma'aikatu da kamfanoni sukan riƙe wani kaso na kuɗin kwangila sai bayan wasu watanni, kuma sukan nemi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, don haka yi ta tun kafin a tambaye ka.

Ka buɗe ɗan gidan reno, ko da rumfar zana ce a bayan gida. Lalle, boganbiliya da ƙarya duk ana samun su daga yankan reshe, wato askin gidan wani shi ne dashen gidan wani. Shukar da ta tashi a iskar garinku ba ta firgita idan an dasa ta, kuma kuɗin mota daga kudu ya zauna a aljihunka.

Riƙe littafi ga kowane gida: abin da aka dasa, ranar dashe, nawa suka mutu, sau nawa ake cika tanki a mako. Bayan rani biyu za ka san abin da za ka daina saye, kuma idan sabon mai aiki ya yi gardama, alƙaluman gidajen da ka yi za ka buɗe masa.

Hoton talla kuma kada ka ɗauka a Agusta, lokacin da ko juji kore ne. Ɗauka a tsakiyar Afrilu, da rana tsaka, ka bar kwanan wata a jikin hoton, bayan ka nemi izinin maigidan. Shi za ka sa a WhatsApp da Facebook, shi kuma za ka nuna wa Alhaji na gaba idan ya zaro wayarsa ya ce irin wannan yake so.